Burin Shekara a Ƙaramar Sana'a: Daidai Ruwa Daidai Tsaki

Da shekara ta kama, sai ka ji mai shago yana cewa, "Bana in sha Allahu sai na ninka jarina, na ƙara shago, na sayi babur." Fata nagari lamiri ne. Amma tambaye shi nawa ya samu bara, amsar ba ta wuce, "Alhamdu lillahi, ana dai fama." Nan gizo ke saƙar. Wanda bai san inda ya tsaya bara ba, ba zai san nisan da ƙafarsa za ta kai shi bana ba.

Don haka kafin a ɗaura wani buri, a nemi littafi. Na 'yan makaranta ma ya wadatar. A rubuta abin da aka saro, da abin da aka sayar, da bashin da ke hannun mutane, da abin da gida ya ci. Wannan na ƙarshen shi ne ɓarawon da ba a kamawa: mudun shinkafar da aka aika gida, sabulun da yaro ya zo ya ɗauka, kuɗin cefanen da aka zara daga cinikin safe. Ɗaya bayan ɗaya ba su da yawa, amma haɗuwarsu ce ke cinye uwar kuɗi. Gara mai sana'a ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka a mako, ya tsaya a kai.

Sannan a auna jari da kaya, kada a auna shi da naira. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na dako suka bi bayanta. A 2024 kuwa hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A ce a watan Janairu jarin mutum yana saro masa katan 40 na taliya a kasuwar Singa ta Kano. Disamba ta zo, kuɗin hannunsa sun ƙaru, amma katan 33 kaɗai suke iya ɗaukowa. A baki ya ci riba, a kan kanta kuwa shagon ya rame. Burin da ya dace da irin wannan mutum shi ne ya ce, "Kafin ƙarshen shekara jarina zai riƙa ɗauko katan 45." Wannan magana ce da ido zai iya tabbatarwa.

Haka kuma watannin kasuwa ba ɗaya ba ne. Mai ƙanƙara da zobo kakarsa tana yanke saƙa a zafin Maris zuwa Mayu, hunturu na shigowa ciniki ya kwanta. Mai hatsi ya san lokacin kaka ake saye a kasuwar Dawanau. Tela kuma azumi ne daminarsa, sai gabanin babbar Sallah, sai ɗinkin kayan makaranta a Satumba. Tunda watannin Musulunci suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a duba kalanda tun farko, a raba burin bisa waɗannan lokutan.

Telan ma ya isa misali. Ƙarfinsa kaya biyu a rana, saura kwana 20 Sallah, ke nan kaya 40 zai iya fitarwa, in wuta ba ta ba shi matsala ba. Kwaɗayi ya sa ya karɓi 60. Daren Sallah ga mutane cirko-cirko a bakin shago, wani shaddarsa ko yankawa ba a yi ba, janareto ya shanye ribar, ga zagi. Baɗi rabin waɗannan mutane wani telan za su kai wa. Da ya tsaya a 40, ya yi burin sayen keke na biyu da ɗaukar yaro ɗaya, da baɗi ya karɓi 60 ɗin hankali kwance.

Buri biyu ko uku sun isa, kowanne da adadi da wa'adi. Zubin adashi na naira 1,000 kullum naira 30,000 ne a wata. Mutum na iya lissafa watan da kwasarsa za ta sayi keken. A kuma ware ɗan abin ko-ta-kwana. Wanda ya ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da ciniki ya tsaya cik a hannun masu ƙananan sana'o'i, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Duk bayan wata uku a buɗe littafin nan a duba. In an gaza, a rage burin, ba abin kunya ba ne. In an zarce, a ƙara. Arziki na Allah ne, amma lissafi aikin bawa ne. Ranar da aka tambayi mai shago nawa ya samu bara, ya yi hamdala sannan ya jawo littafi ya nuna, ranar ce ya cancanci ya yi maganar shago na biyu.