Gardamar Asali da Jabu a Waƙoƙin Makaɗan Fada na Maradun

Tun da waƙoƙin makaɗan fada suka tashi daga kaset suka koma cikin wayoyin hannu, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun Talata Mafara da Bakura da Maradun, wato wace ɗauka ce ta gaskiya a cikin ɗimbin waɗanda ke yawo da sunan Alhaji Musa Ɗanƙwairo. Mai saurare yakan ci karo da waƙa guda a siga uku ko huɗu, wata da murya mai kaifi, wata da murya mai kauri, wata kuma da amshin da bai saba ji ba, sai ya yanke hukuncin cewa ɗaya ce asali, sauran duk jabu ne. A 'yan shekarun nan ma an ƙara wa zargin gishiri, domin labarin cewa ƙirƙirarriyar basira tana iya kwaikwayon muryar mamaci ya sa duk ɗaukar da ta saɓa wa abin da kunne ya riƙa ana jingina ta ga kwamfuta. Kwaikwayon murya da na'ura abu ne mai yiwuwa a yau, amma mafi yawan bambancin da ake ji a waɗannan waƙoƙi ya girmi wannan fasaha da shekaru masu yawa, kuma tushensa yana cikin yadda gidan kiɗa yake gudana da yadda aka naɗi muryoyin tun farko.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa ƙungiyar kiɗan fada mutum ɗaya ce, sauran kuwa 'yan rakiya ne da za a iya ɗebewa ba tare da an ji ba. Tarihin gidan su Ɗanƙwairo kansa ya isa ya rushe wannan zato. An haifi Musa a ƙauyen Ɗankadu na ƙasar Bakura wajen shekarar 1909, ya tashi ya tarar mahaifinsa Usman Ɗankwanda yana kiɗa, ya shiga cikin masu yi masa amshi tun yana yaro. Da jagoranci ya koma hannun wansa Abdu Kurna, sai Musa ya zama Daudun kiɗi, wato mataimakin jagora kuma magajinsa, kafin daga baya ya ja tasa ƙungiyar, wadda da ita ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu da Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero waƙoƙin da suka ɗaukaka sunansa. Bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da riƙon kotso. Ke nan a cikin ƙarni guda jagorancin wannan gida ya sauya hannu sau uku, ban da sauyin 'yan amshi da ke faruwa a tsakani saboda mutuwa ko tsufa ko ƙaura, kuma a kowane zango akwai waƙoƙin da aka gada aka ci gaba da rerawa a gaban waɗanda aka yi dominsu ko magadansu.

Domin a gane nauyin wannan sauyi sai an duba yadda ake gina waƙar fada. Manazarta waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun raba ta zuwa gindi da ɗiya: gindi shi ne ɗan yankin da ake komowa gare shi a kai a kai, wanda da shi ake gane waƙar, ɗiya kuwa su ne sassan da ke ɗauke da yabo da zuga da habaici da zambo. A kiɗan kotso irin na Maradun jagora ba kasafai yake kai ɗan waƙa ƙarshe shi kaɗai ba. Yakan ɗauko farkon magana ya sake ta, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, abin da ake kira ƙari. Wani lokaci su maimaita abin da ya faɗa, wani lokaci su raka shi su faɗa tare, kuma duk wannan suna yin sa ne hannuwansu na kan kotso, wanda ganga ce mai fuska ɗaya da ake kaɗawa da hannu. Saboda haka babban kaso na kalmomin da mai saurare ke ji, a wasu waƙoƙin ma fiye da rabi, daga bakin 'yan amshi suke fitowa. Idan aka sauya mutum biyu daga cikinsu, ko aka rasa mai zaƙin muryar da ke hawa saman sauran, launin waƙar gaba ɗaya zai sauya ko da jagora yana nan da ransa da lafiyarsa.

Gidan kiɗa ya fi kama da gandu, inda gona ɗaya ce ta gado, amma masu noman ta suna sauyawa: uba ya tsufa ya bar wa babban ɗa garma, ƙane ya girma ya ware ya ja nasa, jikoki su taso su shiga kuyya. Geron bana da na bara duk na gonar ne, kuma babu mai hankalin da zai ɗauki damin shekara guda ya ce shi kaɗai ne amfanin gandun, sauran na sata ne, don kawai zangarniyarsu ta fi tsawo ko ta fi gajarta. Kowace ɗauka da ke cikin waya damin damina guda ce. Tana nuna waƙar yadda ta fito a rana ɗaya, a fada ɗaya, daga bakin mutanen da suka halarta a ranar, alhali ita waƙar an yi ta gabanin ranar an kuma ci gaba da yin ta bayanta.

A nan ne bambancin ɗaukar ɗakin rediyo da ɗaukar filin taro yake bayyana. Wadda aka yi a ɗakin naɗar murya, kamar na gidan rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962, tana da tsabtar sauti, amma lokaci ne ke mulkinta, don haka jagora yakan zaɓi ɗiyan da ya ga sun fi muhimmanci ya bar saura. Wadda aka ɗauka a ƙofar fada ranar salla ko wajen naɗin sarauta kuwa tana cike da abubuwan da ba a shirya ba: guɗar mata, da muryar sanƙira yana shelar cewa an ba da riga ko doki, da jagora yana katse ɗan waƙa a tsakiya domin wani hakimi ya shigo, ya saƙa masa kirarinsa nan take, 'yan amshi su bi shi ba tare da sun yi tuntuɓe ba. Masu neman tsabta sukan raina irin wannan ɗauka, alhali ita ce ta fi nuna gwanintar ƙungiya, domin a cikinta ake jin yadda mutum biyar ko shida suke karanta nufin jagoransu daga numfashinsa. Ɗan waƙar da ya bayyana a ɗauka ɗaya ya ɓace a wata ba shaidar cushe ba ne. Alama ce ta wanda yake zaune a gaban makaɗan a wannan rana.

Ita kanta na'ura tana da nata laifin. Zaren kaset an tsara shi ya yi tafiyar santimita 4.76 a cikin daƙiƙa, kuma idan rikodar da aka yi ɗauka da ita batirinta ya yi sanyi, zaren ya tafi a hankali, to duk ranar da aka saka kaset ɗin a rikoda mai lafiya muryar za ta fito da kaifi da gaggawa fiye da yadda aka rera ta. Saɓanin gudu na kusan kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga murya mataki guda cur daga cikin matakai 12 da masana kiɗa suka raba tsanin sauti, wanda hakan kan sa muryar dattijo ta fito da kaifi fiye da yadda take. Ga kuma kwafi daga kaset zuwa kaset, wanda kowane zagaye yake ƙara shuu yana cinye siraran sautuka, ga zafi da ƙura da ke lalata zare, ga kaset mai minti 60 da ke ƙarewa a minti 30 kowane gefe, ya yanke waƙa ko ta ƙare ko ba ta ƙare ba. Daga bisani masu tura waƙoƙi a kasuwa suka matse sautin domin ya shiga memori, suka laƙaba wa fayil sunan da ya fi saurin sayuwa, ta yadda waƙar Kurna ko ta magada za ta iya fita da sunan Ɗanƙwairo. Sannan mutumin da aka naɗi muryarsa a zamanin Sardauna yana da shekara hamsin da 'yan kai, ba zai yi sauti ɗaya da wanda aka naɗa yana dab da tamanin ba, lokacin da numfashi ya rage, jagora ya ƙara jingina ga 'yan amshinsa.

Sauyin mutane a cikin ƙungiyar waƙa ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin sa ba. Ƙungiyar Temptations ta birnin Detroit a Amurka ta rabu da fitaccen mawaƙinta David Ruffin a 1968, Dennis Edwards ya maye gurbinsa, kuma a shekarar aka fitar da faifan wasan da suka yi a gaban jama'a a dandalin Copacabana na New York da sabuwar muryar. Masoyansu sun yi ta muhawara a kan wanda ya fi, amma ba a yi gardamar ko faifan jabu ne ba, saboda kamfanin Motown ya adana bayanin wurin da aka yi ɗaukar da lokacinta da waɗanda suka yi ta. Abin da ya raba su da makaɗan Zamfara ke nan: a nan an naɗi murya ba a naɗi bayani ba, har ya zama sunayen 'yan amshin da suka ɗauki rabin aikin ba su kan kowane kwali.

Duk da haka akwai hanyar tantancewa daga cikin waƙar kanta, ga wanda ya san tarihin yankin. Ɗaukar da aka ambaci gwamnan Jihar Zamfara a cikinta ba za ta zama ta Musa Ɗanƙwairo da kansa ba, tun da an ƙirƙiri jihar ne ranar 1 ga Oktoba 1996, shekara biyar bayan rasuwarsa. Ta magadansa ce, kuma hakan bai rage mata daraja ba muddin aka kira ta da sunanta. Haka Sa'idu Faru, makaɗin kotso na ƙasar Maradun da ya shahara da waƙoƙin Muhammadu Maccido tun yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, ya rasu kafin ubangidansa ya zama Sarkin Musulmi a 1996, don haka ɗaukar da aka yi a bikin wannan sarauta daga bakin na bayansa ta fito. Ambaton naira yana nuna an yi ɗaukar daga 1973 zuwa gaba, ko da yake ambaton fam ba ya tabbatar da akasin haka, domin mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam. Ambaton Jihar Arewa maso Yamma kuma yana nuna an tsara wannan ɗan waƙar tsakanin 1967 da 1976, ko da an yi ɗaukar daga baya.

Irin wannan bincike yana da iyaka, domin zai iya nuna zamani amma ba zai faɗi sunan mai muryar da ke ƙarasa wa jagora magana ba. Wannan sai tsofaffin 'yan amshi da iyalan makaɗa da dattawan fada, waɗanda da jin daƙiƙa kaɗan za su ce wane ne wannan, a gidan wane aka yi, kuma adadinsu raguwa yake kowace shekara, ga rashin tsaro da ya tarwatsa ƙauyuka da dama na wannan yanki. Abin takaici ne a ce babu taron gwamnati ko na siyasa da ake watsewa ba a saka muryar Ɗanƙwairo a lasifika ba, amma aikin tattara kaset-kaset ɗin da ke hannun jama'a, da mayar da su kan kwamfuta a daidai gudunsu, da zaunar da waɗannan dattawa a rubuta abin da suka sani, bai samu mai ɗaukar nauyinsa yadda ya kamata ba. Aiki ne da bai fi ƙarfin masarautun Mafara da Bakura da Maradun ba idan suka haɗa hannu da masana Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, kuma abin da ake bukata a rubuta a kan kowace ɗauka bai wuce wuri da shekara da sunan jagora da sunayen waɗanda suka yi masa amshi ba.