Gano Maƙerin Tsohuwar Kwalbar Aljihu ta Hanyar Hatimanta: Nazari a kan Azurfar Kanton

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake karanta hatiman da ke jikin tsohuwar kwalbar aljihu ta ƙarfe wadda ake danganta ta da birnin Guangzhou na ƙasar Sin. An nuna cewa hatimi shi kaɗai ba ya isa hujja, sai an haɗa shi da binciken ƙarfen da salon aikin da kuma tarihin cinikin.

Fitilun Kalmomi: azurfa, hatimi, Kanton, ruwan azurfa, maƙera

1.0 Gabatarwa

Guangzhou, birnin da fataken ƙasar Hausa ke zuwa sarin kaya a yau, shi ne Turawa suka sani da sunan Kanton. Daga 1757 zuwa 1842 nan ce kaɗai tashar da daular Qing ta yarje wa Turawan Yamma su yi ciniki a cikinta. An keɓe musu wata unguwa a bakin kogi mai gidajen ciniki goma sha uku, kuma a lungunan wannan unguwa aka sami shagunan azurfa masu yi wa baƙi butocin shayi da cokula da kofuna daidai da fasalin na Ingila. Da yake ladan aiki ya fi sauƙi a Kanton, sai fataken Ingila da na Amurka suka riƙa kawo samfuri ana kwaikwaya musu. A nan matsalar manazarci ta samo asali, domin an kwaikwayi kayan har da hatimansu.

2.0 Tantance Ƙarfen

Kafin a tambayi wanda ya ƙera kwalba, wajibi ne a san abin da aka ƙera ta da shi. Abu uku ne ke rikitar da mai duba. Na farko shi ne azurfa ta ainihi, wadda maƙeran Kanton kan samu ta hanyar narkar da dalolin Sifaniya, shi ya sa tsarkinta kan kasance wajen kashi 90 cikin 100, ƙasa da ma'aunin Ingila na 925 cikin 1000. Na biyu shi ne farin ƙarfen da Sinawa ke kira baitong, wato gamin jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda babu azurfa a cikinsa ko kaɗan. Na uku shi ne ƙarfen da aka yi wa ruwan azurfa.

Yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki ya bunƙasa ne bayan George da Henry Elkington na Birmingham sun sami haƙƙin mallakar dabarar a 1840. Saboda haka duk kwalbar da ke ɗauke da haruffan EPNS, masu nuna ruwan azurfa a kan gamin nikel, ko EPBM, masu nuna shi a kan gamin kuza, ba za ta girmi wannan shekara ba, kuma galibi aikin Sheffield ko Birmingham ce, ko da a Sin aka saye ta. Wuraren da hannu ke yawan gogewa, kamar gefuna da wuya da murfi, su ke tona asiri: idan launin ja ko rawaya ya ɓullo, to shafe ne. Gidajen adana kayan tarihi kan yi amfani da na'urar haske mai auna sinadaran ƙarfe ba tare da an kankare shi ba.

3.0 Hatimin Gaskiya da na Kwaikwayo

A Ingila ofishin gwaji ne ke buga hatimi bayan ya auna azurfar. Zaki mai tafiya yana nuna tsarki, kan damisa yana nuna Landan, ƙugiyar jirgin ruwa Birmingham, kambi kuwa Sheffield har zuwa 1974. Akwai harafin shekara da ke sauyawa duk shekara, sannan daga 1784 zuwa 1890 akwai kan sarki ko sarauniya mai shaida an biya haraji.

Kanton ba ta da irin wannan ofishi. Shagunan kansu suka sassaƙa zaki da kan damisa da kan sarki, suka jera su kusa da haruffan sunansu: CU ko CUT na Cutshing, KHC na Khecheong, SS na Sunshing. Ana gane kwaikwayon ta hanyoyi uku: surar dabbar kan fito a dagule, harafin da ya kamata ya nuna shekara ba ya sauyawa, kuma jerin hatiman ba ya dacewa da kowace shekara a kundin ofisoshin Ingila. An daɗe ana ɗaukar irin waɗannan kaya a matsayin na Ingila ko Amurka, har littafin Forbes da Kernan da Wilkins na 1975 ya tattara hatiman ya danganta su da shagunan Sin.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga wanda ya san aikin maƙeran fari na ƙasar Hausa. Dalar Mariya Tariza da suka riƙa narkarwa suna yin mundaye da zobba tana ɗauke da shekarar 1780, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekara tsawon zamani bayan haka. Abin da aka buga a jikin ƙarfe da'awa ce, ba shaida ba.

4.0 Mai Shago da Maƙeri

Yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta buɗe wasu tashoshi, gobarar 1856 kuma ta cinye unguwar baƙi ta Kanton. Ciniki ya karkata zuwa Hong Kong da Shanghai, hatiman kwaikwayo suka ja baya, aka koma ga tsari mai sassa uku: haruffan boko na shago, lamba kamar 90 mai nuna tsarki, da rubutun Sinanci. Salon ado ma ya sauya zuwa dodon Sin da itacen gora da furanni. Yawancin kwalaben aljihu na Sin da ake gani a yau na wannan zamani ne.

Muhimmin abu a nan shi ne haruffan boko sunan mai sayarwa ne, rubutun Sinancin kuwa sau da yawa shi ne sunan maƙerar da ta yi aikin. Shagon Wang Hing na Hong Kong ya riƙa buga WH da 90, amma maƙeru daban-daban, da yawansu a Kanton, suke yi masa aiki. Sai dai ba kowane rubutun Sinanci ne suna ba: wanda ake karantawa zu yin ko zu wen iƙirarin tsarkin azurfa ne kawai.

Haka kuma haruffa kan yi kama. W&H a cikin 'yar tuta na kamfanin Walker & Hall na Sheffield ne, wanda ya shahara da kayan ruwan azurfa, ba na Wang Hing ba. Kakaki mai tuta kuwa alamar James Dixon & Sons ce, fitattun masu ƙera kwalaben aljihu. Idan aka ga kalmar CHINA, to akasari an yi kayan ne daga 1891, lokacin da dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar asali.

5.0 Kammalawa

Tsarin da ya fi inganci shi ne a fara da ƙarfe, a bi da siffar hatimi, sannan a raba sunan shago da na maƙeri, a ƙarshe a auna ko salon adon ya dace da zamanin da hatimin ke nunawa. Idan ɗaya ya saɓa wa sauran, danganta kwalbar ga wani maƙeri bai inganta ba. Kuskure a nan yana iya mayar da shafe azurfa a idon mai saye, ko ya miƙa wa Landan aikin da hannun maƙerin Kanton ya yi. Wannan hanya za ta amfani masu nazarin kayan azurfar fadojin ƙasar Hausa, inda kayan gida da na waje suka daɗe da cuɗanya.