Yadda Manomi Zai Fid Da Iska Daga Birkin Motarsa Shi Kaɗai

Kaka ta ƙarato, a wannan lokaci kuwa motar manomi ta ke shan wahala fiye da ko yaushe. A-kori-kurar da ta yi damina tana ɗaukar buhun taki biyu ko uku, yanzu za a labta mata masara da dawa, 'yan ƙwadago kuma su ɗare bisa kayan. Kafin a fara wannan jigila manomi ya kan duba taya, ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, amma ba safai ya kan tuna da birki ba sai ran da ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse kamar ya taka soso. Gangara irin ta Hawan Kibo, ko ma gangaren rafin ƙauye, ba wurin da ya kamata mutum ya fara sanin halin birkinsa ba ne.

Sau da yawa abin da ke kawo wannan laushi iska ce da ta shiga cikin man birki. Bakanike ya iya fid da ita, amma manomin da ke nesa da gari zai iya yin aikin a ƙofar gidansa, ko da ba shi da mataimaki.

Dalilin laushin birki

Birkin mota da mai ya ke aiki. In direba ya taka, akwai wani ɗan famfo ƙarƙashin murfin inji, wanda kanikawa ke kira masta, shi ke tura man ta cikin siraran bututai zuwa ƙafafun nan huɗu, can man ya matsa takalmin birki ya kama. Asirin abin shi ne mai ba ya matsuwa. In an danna shi a wannan baki, ƙarfin zai fita a wancan baki dukansa. Iska kuwa tana matsuwa. Duk mai keke ya san in ya toshe bakin famfonsa da yatsa, sandar famfon tana shiga duk da haka. To, haka ƙarfin ƙafar direba ke ƙarewa wajen matsa kumfar iska maimakon ya kai ga taya. Alamarta ita ce, in an taka sau ɗaya birki ya yi laushi, in an taka sau uku a jere ya ɗan yi tauri.

Iska ta kan shiga in man ya ragu ƙwarai a kofinsa, ko in an kwance bututu don gyara, ko in akwai yoyo. Akwai kuma wata hanya da mutane ba su cika sani ba. Man birki yana shan danshi a hankali. Sabon mai irin wanda a ke rubuta wa DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 na santigired, amma in ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin 100 yana iya tafasa a digiri 140. Na DOT 4 daga 230 ya ke saukowa zuwa 155. Mota mai nauyi a doguwar gangara birkinta ya kan yi zafi ainun, tsohon mai ya tafasa, tururin kuwa yana matsuwa daidai da iska. Sabo da haka ne masu ƙera motoci da yawa su ke cewa a sake man duk shekara biyu.

Kayan aiki

Abin da a ke bukata kaɗan ne: sabon man birki a gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, da tiyo siriri wanda a ke ganin cikinsa, tsawon kamu biyu, da kwalba mai tsabta busasshiya, da sifana mai zobe, yawanci lamba 8 ko 10, da jak, da guntayen katako masu ƙarfi, da tsumma. Irin man da motar ke sha a rubuce ya ke a murfin kofin, shi za a saya. Kada a kuskura a zuba baƙin mai, ko man giya, ko kananzir, gama suna kumbura robobin birki su lalata su duka. DOT 5 kuma wani iri ne dabam, ba a gauraya shi da 3 ko 4. Mai tarakta ya lura, waɗansu taraktoci birkinsu na sanda ne, ba mai a ciki, waɗansu kuwa suna da mai nasu na musamman wanda ba irin na mota ba ne.

Shiri

A ajiye motar a wuri mai tauri wanda ba gangara, a kashe inji, a sa ta a giya, a tare tayoyin da duwatsu gaba da baya. In an ɗaga ta, lalle a tokare da katako, kada mutum ya shiga ƙarƙashin mota yana dogara ga jak kaɗai. A-kori-kura da yawa suna da wani bawul a baya mai rage ƙarfin birki in babu kaya. In an ɗaga jikin motar an bar ƙafafun baya suna lilo, bawul ɗin zai tsuke hanya, man ya ƙi fita sosai. Don haka a ƙarƙashin gatarin baya za a tokare, yadda nauyin motar zai zauna a kansa.

Sa'an nan a goge murfin kofin kafin a buɗe, domin ƙwayar yashi guda ta isa ta karce roba. In man ciki ya yi baƙi, a zuƙe shi da sirinji, a cika da sabo. A ƙarƙashin abin taka birki a sa guntun katako mai kauri kamar yatsa biyu. Amfaninsa shi ne ya hana ƙafa kaiwa har ƙasa, gama a tsohuwar mota can ƙarshen masta ya kan yi tsatsa, in robar ta bi ta kansa sai ta yage.

Ƙafar da za a fara

Bisa al'ada a kan fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, a ƙare da mafi kusa. Tun 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, yawancin motoci sitiyarinsu a hagu ya ke, kamar na Nijar. A irinsu za a fara da baya dama, sai baya hagu, sai gaba dama, sai gaba hagu. In sitiyari a dama ya ke sai a juya lissafin. Waɗansu motoci suna da nasu jeri, in littafin motar yana nan shi za a bi.

Aikin kansa

A bayan ko wace ƙafa, kusa da inda bututun birki ya shiga, akwai wani ɗan noti mai tsini da huji a tsakiya, an rufe shi da hular roba. Ta nan iska ke fita. A goge shi, a sa sifana, a cusa bakin tiyo a kan tsinin ya kama gam. A zuba sabon mai cikin kwalba kamar zurfin yatsa uku, a nutsa ɗaya bakin tiyon ciki, a rataye kwalbar ta ɗan ɗara notin tsawo. Wannan kwalba ita ce mataimakin manomi. Muddin bakin tiyo na cikin mai, in ya saki birki mai ne zai koma, ba iska ba.

A kwance notin kaɗan, kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye ya isa. In ya cije, kada a yi masa ƙarfi, gama yana da saurin karyewa. A ɗiga masa man kwance tsatsa a bar shi ya jiƙa. Da ya buɗe, manomi ya shiga mota ya taka birki sannu a hankali, ya saki sannu a hankali, sau biyar ko shida. Ya fito ya duba tiyo, ya kuma duba kofi ya ƙara mai. Nan ne yawancin masu koyo su ke yin kuskure. In aka bar kofin ya ƙafe ko sau ɗaya, masta zai zuƙi iska, duk aikin ya koma farko. A yi ta maimaitawa har a ga mai garau yana bin tiyo babu kumfa ko ɗaya. A ɗaure notin tun tiyo na kansa, daidai wa daida, a cire tiyo, a mai da hular roba, a wuce ƙafa ta gaba. In bawul ɗin nan na baya yana da nasa noti, shi ma a yi masa.

Man da ya taru a kwalba ba a mai da shi mota. Guba ne, a kawar da shi daga yara da dabbobi, kada kuma a zubar kusa da rijiya. In ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan da nan, domin yana cin fenti. In ya taɓa takalmin birki, takalmin ya tashi aiki.

Gwaji

Bayan an gama ƙafa huɗu, a cika kofi zuwa layinsa a rufe. A taka birki da ƙarfi a riƙe rabin minti. In ya tsaya da tauri, aiki ya yi. In yana nutsewa a hankali, ba iska ba ce, ko dai akwai yoyo ko robar masta ta mutu, sai a nemi bakanike. Haka nan motocin zamani masu na'urar da a ke kira ABS, in iska ta shiga na'urar kanta, waɗansu sai an haɗa su da kwamfutar gareji kafin ta fita. In an kai nan, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A ƙarshe a gwada motar ba kaya, a fili, da tafiya kaɗan, a taka a ga ko ta tsaya sak ba ta ja gefe ba. Kashegari a leƙa bayan ko wace taya ko akwai danshin mai. Sai an tabbata babu, sa'an nan a ɗora buhu na fari a kira 'yan ƙwadago su hau.