Tsokar da ke Ja-in-ja da Masu Ƙara Tsawon Ƙafa

Shafa sha-raɓarka. Tsokar da hannunka ya taɓa ta sama ce. A ƙarƙashinta akwai wata da likitoci ke kira soliyas, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin takalmi, don shimfiɗe take kamar tafinsa. Daga bayan ƙasusuwan ƙwauri biyu take farawa, ƙasa da gwiwa, ta haɗu da ta sama su zama agara, su kama dunduniya.

Duk tsayuwar da kake yi a sahun salla, ita ke hana ka kifawa gaba, kuma ba ta saurin gajiya. Har laƙabin "zuciya ta biyu" ake mata, domin in ta motsa takan matso jini daga ƙafa zuwa sama. Shi ya sa doguwar tafiya a zaune cikin mota ke kumbura sawu.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuwa shi ne taurin kanta a aikin ƙara tsawon ƙafa. A farkon shekarun 1950, a garin Kurgan na Rasha, likita Gavriil Ilizarov ya ƙera zobban ƙarfe da ake ɗaura wa ƙafa. A yanke ƙashi, a jira kamar mako guda, sannan a riƙa raba tsakaninsa da milimita 1 kullum, kashi huɗu a yini. Sabon ƙashi ya dinga cike gurbin da kansa. Santimita 5, kwana 50 ke nan, ban da watannin jiran ya yi ƙwari. Sunan Ilizarov ya bazu bayan ya yi wa zakaran tsallen sama Valeriy Brumel aiki a 1968.

Ƙashi na bi, tsoka ce ke turjewa. Idan aka ja ƙwauri tsokokin sha-raɓa ba su miƙe daidai da shi ba, sai agara ta ɗaure, ta janye dunduniya sama, mutum ya koma takawa da yatsu. Don gano mai laifin, likita kan lanƙwasa gwiwa: in sawun ya saki, ta sama ce, in ya ƙi, soliyas na ciki, tunda ita ba ta ƙetare gwiwa ba.

Saboda haka mai jinyar wanda shan inna ko karaya ta gajarta wa ƙafa, in ana ƙara mata tsawo, kada ka bari ya tsallake atisayen miƙa sawu ko na kwana ɗaya. In agarar ta ɗaure sosai, sai an koma tiyata an ƙara mata tsawo.