Katsewar intanet bayan saka manhaja a kwamfuta

Katsewar intanet bayan saka manhaja matsala ce da ke faruwa idan kwamfutar gida ta daina buɗe shafuka, ko ta ƙi haɗuwa da intanet kwata-kwata, jim kaɗan bayan an saka mata sabuwar manhaja ko an sabunta wata tsohuwa. Galibi babu abin da ya ƙone a cikin na'urar. Manhajar ce ta taɓa wani saiti da kwamfutar ke bi wajen fita intanet, kuma da zarar an mayar da shi yadda yake, sai haɗin ya dawo. Sai dai ba kowace katsewa ce laifin manhaja ba. Wani lokaci sabis ne ya ɗauke, ko data ta ƙare, a daidai lokacin da aka saka manhajar. Don haka aikin farko shi ne gano inda aka katse, kafin a taɓa komai.

Hanyar da intanet ke bi zuwa kwamfuta

A garuruwa irin su Furfuri da ke ƙaramar hukumar Bungudu, da Tsafe, da ma Gusau babban birnin Jihar Zamfara, gidaje da yawa suna samun intanet ne ta layin waya na MTN, Airtel ko Glo. Ana saka layin a modem ko ƙaramar na'urar MiFi, ko kuma a kunna wa kwamfutar intanet daga wayar hannu. Hanyar tana da gaɓoɓi huɗu: turken sadarwa na kamfani, layin da datar da ke kansa, na'urar da ke raba intanet, sannan ita kwamfutar da saitinta. Sabuwar manhaja tana iya ɓata gaɓa ta huɗu, tana kuma iya cinye datar da ke kan layi, amma ba ta da iko a kan turken kamfani.

Rarrabe laifin sabis da laifin kwamfuta

Gwaji mafi sauƙi shi ne a haɗa wata na'ura, kamar wayar hannu, da wannan MiFi ɗin. Idan ita ma ba ta buɗe komai ba, matsalar ba daga kwamfutar take ba. Idan wayar ta buɗe, kwamfutar ta ƙi, to a nan ne ake zargin manhajar da aka saka.

Mazauna Zamfara sun san katsewar da ke zuwa daga waje. A ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su rufe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. An dawo da shi a Gusau a farkon watan Oktoba, sauran sassan jihar kuma sai a ƙarshen Nuwamba. Haka nan a ranar 14 ga Maris 2024 wasu wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da ƙasashe maƙwabta. A irin waɗannan lokuta babu gyaran da za a yi wa kwamfuta ya dawo da haɗi.

Ƙarewar data ma tana rikita mutane. Manhajoji da yawa suna sauko da ƙarin kayansu daga intanet yayin da ake saka su, Windows kuma yana sauko da sabuntawarsa ba tare da an lura ba. Ɗalibin da ya sayi gigabait ɗaya yana iya tarar da ita ta ƙare kafin ya buɗe shafi ko ɗaya. Ana duba ragowar data a kowane layi a Najeriya ta danna *323#.

Manhajojin da suka fi jawo matsalar

VPN. Wannan manhaja tana karkatar da duk zirga-zirgar kwamfuta ta bi ta wata sabar da ke wani wuri. Ta yaɗu ƙwarai a Najeriya lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, daga watan Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Wasu VPN suna da tsarin da ke toshe intanet gaba ɗaya idan haɗinsu ya yanke, don kada bayanan mai amfani su fita a fili. Idan wa'adin manhajar ya ƙare, ko aka goge ta ba ta hanyar da ta dace ba, toshewar tana iya zama daram.

Manhajar kariya da katangar tsaro. Aikinsu shi ne tantance abin da ke shiga da abin da ke fita. Idan aka saka biyu a kwamfuta ɗaya, sukan yi karo da juna. A watan Yuli 2008 wata sabuntawar tsaro da Microsoft ya fitar ta yi karo da katangar ZoneAlarm, masu amfani da ita a ƙasashe da dama suka wayi gari babu intanet, har sai da kamfanin ya fitar da gyara.

Manhajar da ke sauya furoksi. Furoksi wata saba ce da ke tsayawa tsakanin kwamfuta da intanet, kamar ɗan aike. Wasu manhajojin talla, da waɗanda ake yaɗawa da sunan burauzin kyauta, suna saita furoksi a ɓoye. Idan aka cire su, saitin yakan rage, burauza ta ci gaba da neman ɗan aiken da ba ya nan.

Manhajar da ke sauya DNS. DNS shi ne tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, kamar yadda waya ke nemo lambar mutum daga sunansa. Wata muguwar manhaja mai suna DNSChanger ta kama miliyoyin kwamfutoci a duniya tana karkatar da su zuwa sabobin masu damfara. Hukumar FBI ta Amurka ta tarwatsa gungun a watan Nuwamba 2011, ta sa aka kafa sabobin wucin gadi. Da aka kashe su a ranar 9 ga Yuli 2012, kwamfutocin da ba a tsabtace ba suka kasa buɗe shafuka.

Direban katin sadarwa. Direba ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ya iya sarrafa wani sashe na na'ura. Manhajojin da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi a lokaci guda suna iya ɗora wanda bai dace da katin Wi-Fi ba, sai alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya.

Manhajar sata. Kwafin da ake turawa ta filasha, wanda aka fasa masa kulle don kada a biya kuɗi, yakan zo da ƙwayoyin cutar kwamfuta, kuma yakan taɓa saitin sadarwa da gangan don hana manhajar tuntuɓar kamfaninta.

Matakan gyara

Ana farawa da mataki mafi sauƙi, a gwada intanet bayan kowanne, don a san wanda ya yi aiki.

1. A kashe kwamfutar da modem ko MiFi, a sake kunna su. Wasu manhajoji ba sa kammala zama sai an yi haka.

2. A duba kwanan wata da agogon kwamfutar. A kwamfutocin hannu da suka tsufa, ƙaramin batirin da ke riƙe agogo yakan mutu, kwanan wata ya koma baya, burauza ta ƙi buɗe shafuka masu tsaro.

3. A gwada wata burauza. Idan Chrome ta ƙi amma Firefox ta buɗe, matsalar tana cikin burauzar farko, wataƙila wani ƙari da aka liƙa mata.

4. A rufe VPN, a kashe furoksi a sashen Network & Internet na Settings, sai dai idan makaranta ko ofis ne suka saita shi.

5. A buɗe Command Prompt a rubuta ipconfig. Idan adireshin kwamfutar ya fara da 169.254, ba ta samu adireshi daga na'urar da ke raba intanet ba. Sannan a rubuta ping 8.8.8.8. Idan amsa ta dawo amma shafuka ba sa buɗewa, haɗi yana nan, DNS ko furoksi ne suka samu matsala.

6. A cire manhajar da ake zargi ta hanyar da Windows ya tanada, ba ta goge jakarta kawai ba, a sake kunna kwamfutar.

7. Idan har yanzu shiru, a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a rubuta netsh winsock reset, sannan ipconfig /flushdns. A Windows 10 da 11 akwai Network reset, wanda ke mayar da saitin sadarwa yadda ya zo. Yana goge kalmomin sirrin Wi-Fi da aka adana, don haka a tanade su tukuna.

8. System Restore yana mayar da tsarin kwamfuta zuwa wata rana kafin a saka manhajar, ba tare da taɓa takardu da hotuna ba. Yana aiki ne kawai idan an kunna shi tun kafin matsalar.

Haɗarin gaggawar goge kwamfuta

Wanda ke da rajistar makaranta ko neman aiki da wa'adinsa ya kusa cika yakan so gyara nan take, kuma shawarar da ake yawan ba shi ita ce a goge kwamfutar a sake ɗora Windows. Wannan yana dawo da intanet idan laifin manhaja ne, amma yana iya tafiya da kundin bincike, takardun shaida da hotunan da ba a adana a wani wuri ba. Idan kuwa laifin sabis ne, an yi asarar a banza. Gogewa ita ce mataki na ƙarshe, bayan an kwashe muhimman takardu zuwa filasha.

Riga-kafi

Ana rage aukuwar matsalar ta sauko da manhaja daga shafin kamfanin da ya yi ta, da saka manhaja ɗaya a lokaci guda, da karanta kowane mataki don ƙin karɓar ƙarin manhajojin da ake cusawa. Saita haɗin waya a matsayin mai ƙayyadaddiyar data yana rage abin da Windows ke saukowa a ɓoye. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka sababbin manhajoji da direbobi suna iya ƙin dacewa da su. Idan an tabbatar matsalar daga layi take, ana kiran kamfanin waya ta lamba 300, idan ba a samu biyan buƙata ba a kai ƙorafi ga NCC ta lamba 622.