Saɓar lobsta: matsalolinta da yadda ake kiyaye su

Mene ne lobsta?

Lobsta wata dabba ce ta cikin teku, dangin ƙaguwa da jatan lande. Yana da ƙafafu 10. Biyun gaba manya ne, kamar awartaki. Sanannen irinsa yana zaune cikin ruwan sanyi na tekun Atalantika, a gaɓar Kanada da ta Amurka. A can ana kama shi domin ci. Wasu kuma suna kiwonsa a gida domin sha'awa, cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Lokacin da ya fi mutuwa a hannunsu shi ne lokacin saɓa.

Me ya sa yake saɓa?

Ka san saɓar maciji, ka kuma ga yadda ɗiyan fara suke tuɓe fatarsu. Lobsta ba shi da ƙashi a ciki. Ɓawonsa mai tauri shi ne ƙashinsa, kuma ɓawon ba ya girma. Tilas ya tuɓe shi in zai ƙaru. Cikin shekaru 5 zuwa 7 na farko yakan yi saɓa wajen sau 25. Bayan haka namiji yakan yi sau ɗaya a shekara, mace kuwa sau ɗaya cikin shekara biyu.

Yaya saɓar take gudana?

Da farko sabon ɓawo mai taushi yana tsirowa ƙarƙashin tsohon. Jiki yana janye kalsiyam daga tsohon ɓawo. Kalsiyam shi ne sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. A ƴan kwanakin nan lobsta yakan bar cin abinci, ya ɓuya.

Ranar saɓa, sai ya sha ruwa ya kumbura. Ɓawo ya tsage tsakanin baya da wutsiya. Ya kwanta a gefe guda, ya zare jikinsa kaf, har da fatar cikin tumbinsa. Wuri mafi wuya shi ne manyan hannuwan nan, domin nama mai kauri ne zai bi ta ƙuntatacciyar gaɓa. Yawanci aikin ba ya wuce minti 30. Amma sabon ɓawo yana ɗaukar makonni kafin ya yi tauri sosai.

Waɗanne matsaloli ake samu?

1. Maƙalewa. Lobsta marar ƙarfi yakan maƙale cikin tsohon ɓawo, ya gaji, ya mutu. Masu bincike sun gano cewa ƙanana suna mutuwa haka in abincinsu ya rasa wasu nau'o'in kitse.

2. Rasa hannu ko ƙafa. In hannu ya ƙi fita, yakan yanke shi da kansa. Kada ka damu. Wani zai tsiro, ya ƙaru a kowace saɓa.

3. Ɓawo ya ƙi tauri. Wannan yakan zo daga ƙarancin kalsiyam cikin ruwa ko abinci.

4. Hari. Jikinsa yana da taushi bayan saɓa. Kifi yakan cije shi, ɗan'uwansa ma yakan cinye shi.

5. Ciwon ɓawo. Ƙwayoyin cuta suna cin ɓawo, su bar baƙaƙen ramuka. Ciwon ya bazu a gaɓar arewa maso gabashin Amurka tun ƙarshen shekarun 1990. In ramukan sun yi zurfi, tsohon ɓawo yakan manne da sabon.

Me ya kamata ka yi in kana kiwonsa?

Ka kula da sanyin ruwa. Wannan iri yana wahala in zafin ruwa ya wuce digiri 20. Saboda haka ana sa na'urar sanyaya ruwa.

Ka auna gishiri. Ruwan teku yana da wajen giram 35 na gishiri cikin lita guda. Gishirin miya ba ya wadatarwa. Akwai gishirin da aka haɗa musamman, mai kalsiyam da sauran sinadarai.

Ka tsabtace ruwa. Kashi da ragowar abinci suna ruɓewa, su zama guba. Ka riƙa canja wani sashe na ruwan, kaɗan-kaɗan.

Ka bambanta abinci: kifi, jatan lande da ɓawonsa, da naman dodon koɗi na teku.

Ka ba shi maɓuya, kamar guntun bututu, ka kuma ajiye shi shi kaɗai.

Abubuwan da za ka guje wa

Kada ka taɓa shi yana cikin saɓa. Ja da hannu yakan yage naman. Kada ka yi saurin fid da tsohon ɓawo, domin yana cinsa ya maido da kalsiyam. Kada ka sa maganin kifi mai jan ƙarfe, guba ne gare shi. Kada ka fesa maganin ƙwari kusa da akwatin. Wasu magungunan fara ma ta hanyar hana saɓa suke kashe ta, kuma haka suke yi wa lobsta.

In ka tarar da shi kwance ba motsi, ka duba da kyau kafin ka ce ya mutu. Sau da yawa ɓawon ne kawai, mai shi yana ɓoye cikin bututu.