Tallan Voltic da ƙishin Salaga

Salaga da ke arewacin Gana ta yi suna da rijiyoyi tun zamanin cinikin goro, har ana yi mata kirari da garin rijiya dubu. Fataken Kano da Katsina sun sha ruwansu, kuma har yau ana nuna wa baƙi rijiyoyin Wankan Bayi. Amma yau duk wanda ya je walima ko taron siyasa a garin, ruwan da za a ajiye gaban manyan baƙi na gora ne, wanda mota ta ɗauko daga kudu.

Sunan da ya fi shiga bakin mutane shi ne Voltic. An kafa kamfanin a 1995, SABMiller ya saye shi a 2009, daga baya kuma ya shiga ƙarƙashin Coca-Cola Beverages Africa. Tsohon takensa na talla yana cewa kada ka ce ruwa, ka ce Voltic, kuma mutane sun bi. Mai shago zai iya miƙo maka Bel-Aqua ko Verna alhali Voltic ka tambaya, ba wanda zai ga an yi kuskure.

Me ya ba wannan talla ƙarfi haka? A ganina amsar tana cikin famfo. Garin da ruwan famfonsa ke zuwa yau ya ɗauke gobe, rijiyoyinsa kuma su ja baya da rani, ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yarda da gora mai hatimi. Akwai kuma tabon kurkunu. Arewacin Gana ya sha fama da wannan ciwo fiye da ko'ina a ƙasar, sai a 2010 aka ga mai ɗauke da shi na ƙarshe, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da an rabu da shi a 2015. Wanda ya ga tsutsa na fita daga ƙafar ɗan'uwansa saboda ruwan tafki, ba zai raina maganar tsabtar ruwa ba. Talla ta tarar da wannan tsoro a zukata, ta gina kasuwa a kansa.

Kamfanonin ba hanya ɗaya suke bi ba. Voltic na jingina da cewa ruwansa na ƙarƙashin ƙasa ne, mai ma'adinai na asali. Awake na kamfanin Kasapreko tataccen ruwa ne, sai ya kama hanyar tausayi, yana ware wani abu daga cinikinsa don masu ciwon zuciya a asibitin Korle Bu da ke Akkara. Doka ta wajabta wa kowannensu rajista da hukumar kula da abinci da magunguna, ita ce kuma ke amincewa da talla kafin a fitar da ita.

Sai dai gora ba ita ce abin shan talaka ba. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Gana ruwan leda suka dogara da shi, wato fiya wata. Shi kansa Voltic ya gane haka, ya fito da na ledarsa mai suna Cool Pac. A Salaga da Yendi da Bawku, leda ce ta kasuwa da tasha, gora kuma ta baƙo ce da ofis. Tallar da ke nuna masu motsa jiki da ma'aikata cikin kwat ta ƙara wa gora martaba, har maigida kan ji nauyin tarbar babban baƙo da ruwan randa, ko da na randar ba shi da aibi.

Amfanin a fili yake. Matafiyi daga Makango zuwa Tamale yana samun ruwan da hankalinsa ya kwanta da shi, 'yan mata masu talla da masu firiji kuma suna samun na cefane. Ɓarnar leda da roba a magudanai ma kowa na gani.

Abin da ya fi damuna bai fito fili kamar waɗannan ba. Mutanen da ke da bakin magana a majalisar gunduma, da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, su ne suka fi iya sayen katan ɗin gora. Idan famfo ya ɗauke, ƙishi ba ya kaiwa gare su da wuri, don haka kukan gyara ba ya fitowa daga inda za a ji shi. Matar da ke girki da wanki da wankan yara kuwa ba za ta yi su da gora ko leda ba. Ita ce ke ɗaukar jarka tun asuba ta bi layin burtsatse, in ya ƙafe ta sayi na masu tura ruwa, kuɗin kuma daga na abinci yake fita.